Kawuna, Wanda Ya Hana Ni Jari

Kawu ya rasu bayan girbin bana, da hantsi, a zaurensa na Daura. Wan mahaifiyata ne. Ya sha kunu, ya jingina da bango, ya ce a miƙo masa buta. Kafin a miƙo ya cika. An yi masa sutura bayan azahar.

Ina rumfata a garin Babban Mutum, taya a hannuna, aka kira ni a waya. Na ƙarasa facin da nake yi, don mai babur ba shi da laifi. Sannan na rufe, na hau mota.

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta ƙara gishiri. So nake a san ko wane ne shi kafin mutane su mai da shi waliyyi. Ba waliyyi ba ne. Mutum ne da ya iya cewa a'a.

Da ƙuruciyarsa fataucin dabbobi ya yi, daga kasuwannin Nijar zuwa Kudu. Da ƙafa ta gaji sai ya zauna a zaure, ya koma ba matasa jari su fara sana'a. Ba bashi yake bayarwa ba. In an samu riba a raba. In an faɗi, kuɗinsa ne suka faɗi, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. Shi ya sa ƙofar zaurensa ba ta rabo da takalma. Amma waɗanda ya ba kaɗan ne. Waɗanda ya hana kuwa sun cika gari.

Su ne suka fi yawa a wurin zaman makoki. An shimfiɗa tabarmi har bakin hanyar da ke zuwa rijiyar Kusugu, duk inda na duba sai in ga wanda ya taɓa fita daga zauren nan da fushi. Babban ɗan Kawu, taubashina, ya matso kusa da ni, idonsa ja.

Ya ce, "Ga jama'arka nan. Taron waɗanda Baba ya kora. Kai ne sarkinsu."

Na ce, "Ni ai ya saurare ni kafin ya kore ni. Kai ko akuya bai taɓa ba ka riƙo ba."

Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka. Na bar shi ya yi.

Wani tela ya zo ya yi gaisuwa, ya daɗe bai tashi ba. Ya ce shekarun baya ya zo neman jarin kekunan ɗinki masu yawa, alhali ko ɗaya bai cika da aiki ba. Kawu ya hana shi. Ya ce, "Na zage shi a raina har na isa gida. Da ya ba ni, da yau a haya nake."

Wani kuma ya zo a babbar mota, turarensa ya riga shi isowa. Shi ne wanda ya nemi jarin cajin waya tun waya ba ta yi yawa ba. Yanzu shagunansa sun kai Kano. Ya zauna, ya shafa fatiha, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Allah ya jiƙan Alhaji. Cewa ya yi da ni, wane mahaukaci ne zai biya kuɗi don a zuba wa wayarsa wuta."

Liman ya ce, "To, sai ka yafe masa."

Ya ce, "Malam, ai na yafe tun ranar da na sayi motar farko."

Mutane suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ba wanda ya ji haushi, don Kawu da bakinsa ya sha faɗa. In aka ambaci mutumin sai ya ce, "Wannan na kuskure. Idona bai kai ba." Ba ya ƙara komai, ba ya neman hanzari.

Can da la'asar wata tsohuwa da ke bayan gidan ta fito daga wajen mata, ta tsaya a ƙofar zaure da sandarta. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta dubi wurin da yake zama, ta ce, "Yanzu wa zai riƙe mana?" Aka kama hannunta aka mai da ita ciki. Wasu ba su gane ba. Ni na gane, zan kuma zo kan wannan.

Kawu yana da tambaya ɗaya da yake fara yi wa kowa: "Wa zai saya?" In ka ce kowa, ka gama. Sai ya ce, "Kowa ba ya zuwa kasuwa, ban taɓa ganinsa ba. Faɗa mini mutum ɗaya, kuma kada ya zama ɗan gidanku."

Na ga ranar da wani ya zo neman kuɗin babur zai yi acaɓa. Kawu ya ce, "A layinku wa ke da babur?" Yaron ya fara lissafo su da murna, yana ganin hujja ce. Da ya gama Kawu ya ce, "To wa ya rage da zai hau?"

Wani ya zo masa cikin sabuwar shadda, da agogo, da takalmi mai ƙyalli. Tun bai zauna ba Kawu ya ce, "Rigar nan ta cinye jarin tun ban bayar ba."

In mutum biyu suka zo tare za su yi haɗin gwiwa, ba ya tambayarsu komai da farko. Goro ɗaya yake miƙa musu, ya kau da kai kamar yana neman wani abu a aljihu. In wanda ya karɓa ya ɓare ya buɗe tafin hannu don ɗan'uwansa ya zaɓa, za a yi magana. In ya ɓare ya jefa babban ɓarin a bakinsa, sai Kawu ya tambaye su lafiyar iyayensu, ya sallame su. Yakan ce, "Goro ma ke nan. Ina ga riba?"

Amma abin da aka fi saninsa da shi daban ne. Duk saurayin da ya zo da dabarar sana'a, a ranar kasuwa ya gano ta. Ya ga mutane kamar fara, ya ce ai ko ƙasa ya kasa za a saya. Kawu ba ya musu da kowa a zaure. Sai ya ce, "Mu haɗu can kashegarin kasuwa." Zai ɗauki buzunsa, ya hau mota, ya je daidai inda kake son kafa sana'ar, a ranar da ba kowa. Ku zauna tun safe har azahar. Ba ya hira. Kallo kawai. A bayan idonsa Alhaji Kashegari ake ce masa. Ya sani, bai damu ba.

Ni ma ya zaunar da ni.

Na je haƙar zinariya a Jado, can bayan Agadas. Na bar matata da 'yata a gidan iyayenta. A hanyar dawowa mota ta mutu a sahara, ruwa ya ƙare. Ba duka muka dawo ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Na dawo ba zinariya, na tarar Inna ta rasu ina can. Abin da ta bar mini gona ce ɗaya a bayan Babban Mutum. Jigawa ce, gero take yi, da wani tsohon gawo a tsakiya. Bayan mutuwar mahaifina da hannunta ta noma ta, da ita ta ciyar da ni. Ban da ita ba ni da komai a duniya.

Kawu ya zo ya ɗauke ni ya kai ni gidansa. Bai tambaye ni abin da ya faru a hanya ba, har ya mutu bai tambaya ba. Mutane na zuwa suna so in ba su labari, shi ke korarsu. Yakan ce, "Nan ba gidan rediyo ba ne." Ya lura ba na iya zama inda idona ba ya ganin ruwa. Ya sayo sabon tulu ya ajiye a ƙofar ɗakina. Kullum da safe a cike nake tarar da shi. Wata rana na fito da wuri na gan shi, dattijo da furfura, yana juye bokiti a ciki da kansa. Ya ce, "Me kake kallo? Koma ciki."

Da na warware na je Babban Mutum ranar kasuwa, da bazara. Mutane daga nan da tsallaken iyaka, rana kamar wuta. Ƙanƙara daga nesa ake kawo ta cikin buhu, kafin azahar ta zama ruwa. Na ga mutane na rububin ruwan leda mai ɗumi. A nan dabara ta zo mini: in sayi firji da janareta, in riƙa yin ƙanƙara da ruwan sanyi a garin. Na kwana ina ganin abin a idona.

Na same shi a zaure. Na ce, "Kawu, na zo da magana."

Ya ce, "Ta aure ko ta kuɗi?"

"Ta kuɗi."

"To ja da baya kaɗan."

Na faɗa masa duka. Ya saurara har ƙarshe, ba ya katse mutum. Sannan ya ce, "Wa zai saya?"

Na ce, "Duk mai jin ƙishirwa."

Ya ce, "Mai ƙishirwa randa yake nema. Mai kuɗi ne ke neman sanyi. Yaushe ka je ka gani?"

"Ranar kasuwa."

"To, mu haɗu kashegari."

Na san abin da wannan ke nufi. Na ce, "Kawu, in ba za ka ba ni ba ka faɗa mini yanzu. Gonar Inna na nan. Dillali ya riga ya samo mai saye."

Ya ce, "Gonarka ce, ba ni da iko da ita. Amma ka ba ni yini ɗaya kafin a kira shaidu."

Muka je. Kasuwar da na gani cike jiya ta koma kufai. Rumfuna ba kowa, awaki na cin ɓawon mangwaro, iska na wasa da ledoji. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya, ya fito da carbi. Wata tsohuwa ta wuce da itace a ka. Wani makiyayi ya wuce da gorar ruwansa a kafaɗa. Can sai ga wani yana turo babur da kaya niƙi-niƙi, tayar baya a kwance, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ce, "Baba, ina mai faci a nan?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Tambayi ɗan gari."

Na ce, "Mai faci sai ranar kasuwa yake zuwa."

Mutumin ya yi tsaki, ya ci gaba da turi. Bayansa wasu ma sun wuce haka. Ban kula su ba. Ni mai sayen ƙanƙara nake jira.

Da aka kira azahar Kawu ya naɗe carbinsa. Ya ce, "Wa ka gani?"

Na dubi rumfunan da ba kowa.

Ya ce, "Janareta ba ta san ranar kasuwa ba, kullum sai ta sha mai. Kasuwa rana ɗaya ce, mako kuwa dogo ne." Ya sassauta murya. "Ɗan ƙanwata, ƙishirwarka kake son sayarwa. Taka ce kai kaɗai. Su ba su je inda ka je ba."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na miƙe tsaye. Na ce, "Ka ba bare, ka hana jininka. Da Inna na da rai ba za ka yi mini haka ba."

Ya ce, "Da tana da rai da ita za ta fara hana ka. Zauna." Ban zauna ba. Ya ce, "Kuɗin da kake gani a hannuna ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai na tsohuwar da ke bayan gidana, saniyarta ta sayar ta kawo mini in juya mata. Akwai na marayu. Akwai na matan da ke soya ƙuli-ƙuli suna tarawa. In na ba ka don kai ɗan ƙanwata ne, ita tsohuwar ƙanwar wa ce? Tausayi kyauta nake ba ka shi, ɗebi iya son ranka. Jari ba na tausayi ba ne."

Na ce, "To riƙe gonar jingina. In na faɗi ka ɗauka ka biya tsohuwarka."

Ban taɓa ganin fushinsa ba sai ranar. Ya ce, "Ni? In zo in tsaya a ƙarƙashin gawon da ƙanwata ke shan inuwa in ce nawa ne? Ban taɓa karɓar gonar kowa ba, a kan tata zan fara? Kai, ba ni wuri."

Ya naɗe buzunsa, ya tafi tasha shi kaɗai. Ban bi shi ba. Na je Daura na kwaso kayana ranar da na san ba ya gida. Tulun ma na ɗauko.

Na daina gaishe shi. Sallah ta zo ta wuce ban je ba. Shi ma bai aiko ba, don taurin kan a gidansu Inna ta gado shi, ni kuma a wurinta. Dillali kullum yana ƙofata. Mai saye ya je ya zagaya gonar, har ya ce in ta zama tasa gawon zai fara sarewa, yana tare wa gero rana. Wanda bai san gawo ba ke nan, da damina ai ba shi da ganye. Maganar ba ta yi mini daɗi ba, amma ban fasa sayarwar ba.

Kafin ranar shaidu na riƙa komawa gindin darbejiyar nan ni kaɗai, a ranakun da ba kasuwa. Ba don na yarda da shi ba. So nake in kama shi da ƙarya, in je in ce masa ga masu sayen ƙanƙara na gani. Ban gan su ba. Abin da nake gani kullum shi ne masu turin babur. Hanyar bakin iyaka yashi ce da ƙaya, su kuma suna loda wa babur kayan jaki uku. Wata rana wani ya zube a gabana, ya ce, "Don Allah malam, ko kana da dabara?" Duk wanda ya bi hanyar sahara ya iya faci, in bai iya ba ba ya dawowa. Da 'yan tarkacen da ke ƙarƙashin kujerarsa na gyara masa. Ya hau ya tafi yana sa mini albarka.

Na sayar da rediyona na sayi famfo da sholishon liƙa faci. Na kafa sanduna huɗu na ɗora zana. Na ajiye tulun a gefe, duk wanda ya tsaya ya sha. Dillali ya zo, na ce a dakata har bayan damina.

Ya ce, "Mai saye ba zai jira ba."

Na ce, "Gona za ta jira."

Ruwa ya sauka, na shuka gero. Na je na ɗauko matata da 'yata.

Bayan girbi, kashegarin kasuwa, ina cikin aiki na ga tsoho ya sauko daga mota da buzu a hammata. Ya yi sallama, na amsa. Bai ƙara ba, ban ƙara ba. Ya shimfiɗa a gefe, ya fito da carbi. Babura na zuwa, ina yi, yana kallo. Da azahar ta yi ya ce, "Akwai ruwa?"

Na ɗebo masa. Ya sha, ya ce, "Nawa ne?"

"Kyauta ne."

"Shi ya sa suke tsayawa ko tayarsu lafiya." Ya dubi tulun. "Wannan na san shi."

Na ce, "Naka ne. In kana so ka ɗauka."

Ya ce, "Jari na hana ka, ban ce ka dawo da tulu ba."

Sulhunmu ke nan. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Na shiga gida na ɗauko damin gero daga gonar na ajiye a gabansa. Ya zare zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya jefa a baki. Ya ce, "Tana nan." Daga shekarar nan duk girbi sai na kai masa dami, kuma duk shekara abin da yake faɗa ke nan.

A ranar sulhun na ce masa, "Yanzu fa ka gani da idonka. Za ka sa jari?"

Ya ce, "A'a."

"Don me kuma?"

"Sana'ar nan ba ta bukatar kuɗina. In na zuba mata kuɗi za ka sayi abin da ba ka bukata, ka koma yi mini aiki maimakon kanka. Ba a ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi."

Amma daga makon nan masu baburan da ya ba jari, masu kai kaya bakin iyaka, duk suka koma tsayawa a rumfata. Na tambayi ɗaya dalili. Ya ce, "Alhaji ya ce duk wanda ya yi faci a wani wuri kada ya sake taka masa zaure." Da na yi wa Kawu maganar sai ya ce bai san zancen ba.

Bayan wasu shekaru aka gyara hanya, sola ta yi araha. Wani baƙo ya zo ya kafa firji daidai inda na so kafawa. Yana sayar da ƙanƙara ko ba ranar kasuwa ba. Na tafi Daura musamman.

Na ce, "Kawu, ka ga ƙanƙarata?"

Ya ce, "Na ji labari. Ba ƙarya ka yi ba, sammako ka yi. Firjinsa rana yake sha, naka kuwa da mai zai sha. Da ka fita a lokacin, da kura ta cinye ka ta haɗa da gonar."

Na ce, "Ko kuma da yanzu ni ne mai motar."

Ya ce, "Ko kuma haka."

Har yau ban sani ba. Shi ma bai sani ba, kuma bai yi kamar ya sani ba. Abin da na sani, gona na nan.

Karo na ƙarshe da na roƙe shi, rumfa ta biyu nake so in buɗe a garin Mashi, da kayan gyaran babur. Na je kashegarin kasuwar can na zauna da kaina kafin in zo masa. Na ga masu saye. Na zo da sunan mutum, ba ɗan gidanmu ba. Ya gyaɗa kai, na ce yau dai na kama shi.

Sai ya ce, "In kana Mashi, wa ke Babban Mutum?"

Na ce, "Zan riƙa kai da kawowa."

"In ka yi zazzaɓi fa?"

"Ba na zazzaɓi."

Ya ce, "Don sahara ta bar ka, sai kake tsammanin sauro ma tsoronka yake? Sana'ar mutum ɗaya ranar da ya kwanta ita ma ta kwanta. Je ka nemo wanda za ka ba makulli ka yi barci. In ka samu ku zo tare."

Ya san inda ya taɓa. Tun da na ga abin da mutane ke yi wa juna a kan jarkar ruwa, ban sake yarda da kowa ba. Makullin rumfata a wuyana yake kwana. Na tashi na fita. Wannan karon ban daina gaishe shi ba.

Na daɗe kafin in iya. Ƙanen matata ya yi shekaru yana aiki tare da ni, magidanci ne, bai taɓa ɓoye mini ko ƙusa ba. Da damina ta bana na cire makullin daga wuyana na miƙa masa, na tafi gona na yini. Na dawo na tarar da komai daidai. Na ce masa in an gama girbi za mu je Daura, akwai tsohon da zai ba mu goro. Na ɗaure damin Kawu na jingine a rumfa, ina jiran in rage aiki. Yana nan jingine aka kira ni.

Ranar sadakar uku na kawo damin lulluɓe da buhu, ƙanen matata na biye da ni. Matar Kawu ta fito soro ta karɓa. Ta ce, "Na gonar ne?"

Na ce, "Na gonar ne."

Ta ce, "Tun da aka fara girbi yake cewa kana hanya." Ta sa aka daka, aka yi gumba, aka raba wa mutane. Telan ya ci. Mai babbar motar ya ci, har ya nemi ƙari. Na kai wa tsohuwar da ke bayan gidan Kawu da hannuna. Taubashina ya riga ya je ya gaya mata kuɗinta na nan, ba abin da ya taɓa su. Ta karɓi gumbar, ta ce, "Kai ne ɗan ƙanwar tasa? Mai ƙanƙara?" Na ce ni ne. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka da ba ka samu ba." Na ce amin.

Da mutane suka ragu na shiga zauren da ƙanen matata. Buzun na nan inda yake. Taubashina ya miƙo mini goro ɗaya daga ragowar na babansa, ya ce, "Ungo, sarkin korarru." Na ɓare, na buɗe tafin hannuna, na miƙa wa ƙanen matata ya zaɓa. Ya ɗauki ƙaramin. Ba wanda ya kau da kai yana neman wani abu a aljihu.

Mutumin nan bai taɓa sa ko sisi a sana'ata ba. Duk lokacin da na roƙa ya hana. Ya ba ni tulu, ya ba ni yini ɗaya a gindin darbejiya, ya bar mini gonar uwata. Na gode masa. Ban faɗa masa ba yana da rai, don mu ba ma irin wannan maganar, amma ina jin ya sani tun daga damin farko. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa inda idonsa bai kai ba, ya shayar da shi ruwan da ba a ƙishirwa bayansa.

Yana maƙabartar bayan gari, daga gefen gabas, kusa da wata bishiyar aduwa. Na je kashegarin sadaka, da ba kowa. Na yayyafa wa ƙasar ruwa, na zauna har azahar. Yana can.